Tururuwar Wuta da Cinnakar Gida: A San Iri Kafin a Zuba Magani

Duk wanda ya zauna a bakin Tafkin Kainji, ko a Yelwa ne, ko Wara, ko ƙauyukan ƙasar Shanga da ke gaɓar Kwara, ya san cewa ruwan wannan wuri ba ya tsayawa a iyaka ɗaya. Tun da aka datse kogin a shekarar 1968, aka sami tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, ruwan yana hawa yana sauka kowace shekara da abin da ya kai kusan mita 10. Ambaliya biyu ke cika shi. Ta farko, wadda masana ke kira farar ambaliya, ruwan daminar ƙasashen kusa ne, wanda Gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke kawowa ɗauke da laka daga watan Agusta. Ta biyu kuwa, wato baƙar ambaliya, ruwa ne da ya sauka tun a tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa fadamun Mali ya tace, ba ya isowa nan sai cikin hunturu.

Idan ruwa ya janye, manoman albasa da shinkafa sukan bi shi su shuka a danshin da ya bari. To, ba manoma kaɗai ke bin ruwan ba. Dangin tururuwa su ma sukan gina gidajensu a wannan sabuwar ƙasa, in ruwa ya dawo kuma sai su kwashe ƙwai da 'ya'yansu su nufi tudu. Tudun nan kuwa galibi shi ne inda mutane suka yi gidaje da rumbuna da akurkin kaji. Daga nan ne rigima ke tashi: yaro ya kwana yana kuka saboda harbi, uwar gida ta tarar da tukunyar miya ta yi baƙi ƙirin, mai gida kuma ya ɗauko kwalbar piya-piya ko galan ɗin kalanzir ya kwarara a duk ramin da ya gani. Sau da yawa ramin da ya kwarara wa ba na mai laifin ba ne, kuma ko da nata ne, bayan mako biyu ta dawo.

Kowace da sunanta

Masana kimiyyar halittu sun tantance fiye da iri 14,000 na wannan dangi a duniya. Bahaushe bai ƙirga su ba, amma ya daɗe da rarrabe waɗanda yake zaune da su, kuma rabon nasa bai yi nisa da na masana ba. Da farko sai a fitar da gara da zago daga lissafi, domin su dangin kyankyaso ne. Tururuwa ta ainihi 'yar'uwar rina ce da ƙudan zuma, kuma alamarta biyu ce: siririn ƙugu mai ƙulli ɗaya ko biyu tsakanin ƙirji da ciki, da kuma ƙahonnin ji guda biyu masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu.

Wadda aka fi kira tururuwa kai tsaye ita ce mai jidar hatsi, wadda ke share fili tas a kewayen raminta, ta tara ƙaiƙayi a bakinsa. Ɓarnarta a shuka take da kuma masussuka, ba a jikin mutum ba. Tsofaffi suna ba da labarin cewa a shekarun yunwa har haƙa gidanta ake yi a kwashe tsabar da ta tara. Kiyashi kuwa suna ne da ya haɗa ƙananan iri da dama masu bin sukari da maiƙo. Gwano babba ne baƙi, warinsa ya isa shaida, kuma farautar gara na cikin abincinsa, saboda haka mai ɗakin azara ba shi da dalilin gaba da shi.

Kwarkwasa, wadda masana ke kira *Dorylus*, ta fi su ban tsoro a ido. Ma'aikatanta makafi ne, da ƙamshi suke bin juna, kuma runduna ɗaya takan kai miliyoyi. Cizo take yi da muƙamuƙi, in ta kama kuwa ba ta saki, ko an tsinke jikinta kan yana nan maƙale. Haɗarinta yana kan abin da ba zai iya gudu ba: jariri a shimfiɗa, tsoho mara lafiya, kaji a rufe, ɗan akuya a turke. Amma matafiya ce. In ta ratsa gida takan share kyankyasai da sauran ƙwari ta wuce, don haka abin da ya fi shi ne a ɗauke yara da dabbobi, a zuba toka mai zafi a tare mata hanyar ɗaki, a bar ta ta yi gaba.

Akwai kuma jar tururuwar nan ta kan mangwaro, *Oecophylla longinoda*, wadda ke ɗinke ganyaye da zaren da tsutsotsinta ke fitarwa ta yi sheƙa. Duk yaron da ya taɓa hawa mangwaro ya san ta. Saboda ja ce kuma cizonta da zafi, mutane da yawa da suka ga hoton tururuwar wuta a intanet sukan ce ai ita ce. Ba ita ba ce. Wannan ba ta da ƙari, cizo take yi ta fesa wani ruwa mai yami a wurin, zafin kuma ba ya daɗewa. Wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Benin, aka buga a 2007, ya nuna cewa itatuwan mangwaron da take zaune a kansu sun fi tsira daga ƙudan da ke sa wa 'ya'yan mangwaro tsutsa. Wanda ya ƙone sheƙarta ya kori mai gadinsa ne.

Sai cinnaka, wadda aka yi wa kirari da cewa ba ta san na gida ba. Mafi shahara cikin baƙaƙen tururuwa masu harbi a ƙasashenmu na savana ita ce *Brachyponera sennaarensis*, wadda wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gustav Mayr, ya raɗa wa suna a 1862 daga garin Sennar na Sudan. Tsawonta bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, ƙullin ƙugunta ɗaya ne, kuma tana son ƙasa mai danshi: gindin randa, bakin makwarari, gefen rijiya, ƙarƙashin turmi, tsagar daɓe. Tana cin ƙwari, tana kuma jidar tsaba da ɓarɓashin abinci, abin da ya sa zama kusa da mutane ya karɓe ta. Ita da ƙari take harbi kamar rina. Ta bazu zuwa ƙasashen Larabawa, inda likitocin Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka rubuta rahotannin mutanen da harbinta ya kai asibiti rai a hannun Allah. A bakin Kainji, in an ce wani abu ya harbi yaro a tabarma da dare, bayan kunama ita ce ta farko da ya kamata a tuhuma.

Baƙuwar da ake tsoro

Wadda duniya ta sani da sunan tururuwar wuta ita ce *Solenopsis invicta*. Kalmar ƙarshe ta Latin ce, ma'anarta wadda ba a ci da yaƙi ba, kuma wani masani Ba'amurke, William Buren, ne ya sa mata ita a 1972. Asalinta fadamun Kogin Parana ne a Kudancin Amurka, wajen Ajantina da Faragwai da Barazil. Jiragen ruwa suka kai ta tashar Mobil a jihar Alabama ta Amurka cikin shekarun 1930, yau kuma ta mamaye fiye da hekta miliyan 100 a kudancin ƙasar, wato filin da ya fi Nijeriya baki ɗaya faɗi, kuma ana ƙiyasta asarar da take jawowa da biliyoyin daloli a kowace shekara. An gano ta a Birisben ta Ostireliya a 2001, ta shiga Taiwan da ƙasar Sin kafin ƙarshen 2004, sannan a 2023 aka ba da rahoton gidajenta 88 kusa da garin Sirakus a tsibirin Sisili na Italiya, wanda teku kawai ta raba shi da Tunisiya.

Ba a tabbatar da kafuwar wannan iri a Nijeriya ba. Mai karatu zai iya tambaya, to mene ne na ɓata takarda a kanta? Dalili shi ne, duk abin da take so akwai shi a gaɓar Kainji: fili buɗaɗɗe mai rana, ƙasar da ake yawan kaftu, danshin noman rani, da ruwa mai hawa da sauka. A ƙasarta ta asali ambaliya ce ta horar da ita. In ruwa ya cika gidanta, ma'aikata sukan riƙe juna da baki da ƙafafu su zama kamar faifai, su ɗora sarauniya da tsutsotsi a kai, su yi ta shawagi kwanaki har su dafa tudu. Masu bincike a wata jami'ar fasaha ta jihar Jojiya sun nuna a 2011 cewa iskar da ke maƙalewa tsakanin jikkunansu ce ke hana faifan nutsewa, har na ƙasan ma suna samun numfashi. Ke nan ambaliyar da ke hallaka wasu ƙwari, ita jirgin fito ce gare ta. Masunta ba su manta da baƙuwar kainuwar nan mai shunayyan fure ba, wadda ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta bayyana a tafkin wajen ƙarshen shekarun 1980 ta riƙa toshe mashigai tana yaga koma.

Bugu da ƙari, wasu masu irin halinta sun riga sun iso nahiyarmu. Ƙaramar tururuwar wuta, *Wasmannia auropunctata*, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, ta fi shekara 100 a Gabon, a Kamaru kuma har da gangan wasu manoman koko suka riƙa yaɗa ta don ta kashe musu ƙwari, daga baya ta zame wa mutane alaƙaƙai. Ita ma *Solenopsis geminata*, wadda jiragen Sifaniyawa suka fara yawo da ita tun ƙarni na 16 cikin ƙasar da suke lodawa don daidaita nauyin jirgi, an same ta a wurare da dama a gaɓar tekun Afirka. Dukkansu ba da ƙafa suke tsallaka ƙasashe ba. A cikin tukunyar dashe suke zuwa, da buhun taki, da katako, da ƙasar da ta maƙale a tayar babbar mota.

Ga yadda ake gane ta. Launinta ja ne mai duhu, cikinta ya fi kanta baƙi. A gida ɗaya za a ga ƙanana da manya a gauraye, daga milimita 2 zuwa 6. Ƙullin ƙugunta biyu ne, kuma in an duba da gilashin ƙara girma, ƙahonta gaɓa 10 ne, biyun ƙarshe sun fi kauri. Gidanta tulin ƙasa ne mai laushi wanda ba shi da ƙofa a samansa, domin ta ƙarƙashin ƙasa suke fita nesa da tulin. In aka tsokane shi da kara, cikin ƙiftawar ido ɗaruruwa za su bulbulo su hau karan sama. Wannan hawan shi ne babbar alama, domin yawancin namu na gida watsewa suke yi su gudu da ƙwai. In ta hau mutum, sai ta kama fata da baki ta kafe, sannan ta riƙa juyawa tana harbi da ƙari sau da dama a zagaye. Kusan kashi 95 cikin 100 na dafinta wani sinadari ne mai kashe ƙwayoyin fata, shi ya sa kafin kwana ɗaya wurin ke fitar da ƙananan ƙuraje masu farin kai. Harbin cinnaka kumburi yake yi da ja, ba ya yin wannan farin ƙurji.

Abin da ya sami Amurka

A 1957 gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da yaƙi a kan wannan ƙwaro. Aka riƙa watsa magungunan heftakulo da dildirin daga jiragen sama a kan gonaki da dazuzzuka. Tsuntsaye suka mutu, kifaye suka mutu, har da shanu da kaji, abin da Rachel Carson ta kawo cikin littafinta na 1962 wanda ya farkar da duniya game da haɗarin magungunan ƙwari. Aka koma wani magani mai suna mireks, shi ma aka hana shi a 1978 bayan an gano yana taruwa a jikin dabbobi da mutane. Tururuwar kuwa ba ta ƙare ba, ƙasar da ta mamaye ma ƙaruwa ta yi. Maganin ya share tururuwan gida waɗanda ke takara da ita a kan abinci suna kashe sababbin sarauniyoyinta, da guba ta lafa kuma ita ce ta riga kowa dawowa filin da ba kowa.

Wannan darasi ya shafe mu ta fuska biyu. Tururuwa da gwano da cinnakar da muke ƙorafi da su su ne rundunar farko da za ta tari duk wata baƙuwa. Sannan abin da aka zuba a tsakar gida a Yelwa ko Wara, ruwan sama na farko zai sauke shi cikin tafki. Magungunan ƙwari da yawa sun fi yi wa kifi illa fiye da yadda suke yi wa tururuwar da ke can ƙarƙashin ƙasa. Mutanen bakin ruwa sun ga abin da Gamalin ya yi a hannun masu kamun kifi da guba, kuma sinadarin da ke cikinsa, wato lindan, an sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta amince a daina tun 2009. Piya-piya da Sniper kuwa sinadari ɗaya ne, dikulobos, wanda ba a yi shi don ɗakin kwana ba, har hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019. Fetur da kalanzir da baƙin mai suna ɓata rijiya, suna kashe ƙasa, ga kuma haɗarin gobara a gidan da ke da danni da rumbun kara.

A nemi sarauniya

Waɗanda ake gani suna yawo a waje ƙaramin kaso ne na mutanen gidan, kuma yawancinsu tsofaffin ma'aikata ne da suka kusa mutuwa. Mai haihuwa tana can ƙasa. Sarauniyar tururuwar wuta takan yi ƙwai fiye da 1,000 a yini, tana kuma iya rayuwa shekara 6 zuwa 7. Kashe na waje kamar sassabe ne a bar saiwa. Ga wasu irin kiyashi ma feshi ƙara su yake yi, domin suna da sarauniya fiye da ɗaya, in sun ji guba sai gida ɗaya ya rabu uku ko huɗu.

Hanyar da ta fi ita ce wadda kowane Basarke ya sani, wato koto. Babbar tururuwa ba ta iya haɗiye abu mai tauri. Ruwa-ruwa take sha ta adana a cikinta, ta koma gida ta ɗura wa 'yan'uwanta baki da baki, har ya kai ga sarauniya. Mai taurin kuma manyan tsutsotsi ake kai wa su narkar. Saboda haka in aka gauraya abincin da take so da guba kaɗan mai jinkirin aiki, ita da kanta za ta kai saƙon inda feshi ba ya kaiwa. Sirrin yana cikin ƙarancin gubar: in ta yi yawa, mai ɗaukar za ta mutu a hanya. A ƙasashen da ke fama da tururuwar wuta, ɓarzajjiyar masara ake jiƙawa da man waken soya mai ɗauke da maganin, wani ma ba kashewa yake yi ba, hana tsutsotsi girma yake yi har gidan ya ƙare da kansa.

Ga kiyashi masu son zaƙi, giram 1 na hodar borik da giram 20 na sukari a cikin mililita 100 na ruwa ya isa. A jiƙa auduga da shi, a sa cikin gwangwani mai murfi da aka huda ƙananan ƙofofi, a ajiye kan hanyarsu inda yara da kaji ba za su kai ba. Kada a yi feshi kusa da wurin, kada kuma a yi gaggawa, domin aikin yakan ɗauki makonni. Ramin cinnaka da aka gano a tsakar gida kuwa tafasasshen ruwa ya fi masa. A Amurka an gwada shi a kan gidajen tururuwar wuta, aka ga kimanin lita 11 na kashe gida 6 cikin 10. Da sanyin safiya ake zubawa, lokacin da suke kusa da sama, a hankali don ya ratsa, a kuma nisanta yara da gindin shuka.

Sauran aikin na tsabta ne da gyara, kuma shi ya fi ɗorewa ko da yake ba shi da armashin bayani. A liƙe tsagar daɓe da bango, a ɗora randa a kan dutse a gyara inda take yoyo, a share ƙaiƙayi da dusa bayan surfe, a nisanta wurin gyaran kifi da banda daga ɗakin kwana. Dabarar iyayenmu ta sa ƙafafun gado cikin gwangwanin ruwa, da zagaye gindin rumbu da busasshiyar toka, har yanzu tana aiki, muddin shimfiɗa ko gidan sauro bai taɓa ƙasa ba.

Idan an yi harbi

A kakkaɓe su da hannu ko tsumma da sauri, domin zuba ruwa ba ya sa mai riƙe da fata ta saki. A wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, kada a sosa, kada a fasa ƙurji don kada ya zama gyambo. Ga yawancin mutane iyakar abin ke nan. Amma akwai waɗanda jikinsu ke yi wa dafin mummunar tarba. In cikin 'yan mintoci aka ga borin jini ya feso a duk jiki, leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko jiri da amai da suma, to wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na jira a ga safiya ba. A garzaya asibiti mafi kusa, domin allurar adiranalin ce ke ceto, kuma mintoci ne ke raba rai da mutuwa. Ga mazauna gungu da ƙauyukan da sai an shiga jirgi, duk wanda ya taɓa yin irin wannan ko sau ɗaya ya kamata ya ga likita tun yana lafiya, domin na biyu yana iya fin na farko tsanani.

Aiki ga ɗalibai da malamansu

Ƙasar Niyu Zilan ta kawar da tururuwar wuta har sau uku tsakanin 2001 da 2006 da aka gan ta, kuma ba don ta fi Amurka ƙarfin magani ba, sai don an gano gidajen tun suna 'yan kaɗan. Irin wannan sa ido aiki ne da ajin nazarin halittu na kowace sakandare zai iya yi ba tare da kashe kuɗi ba. A yanka takardu goma, a ɗora ɗigon ruwan sukari a gefe ɗaya na kowace, ɓarɓashin ƙuli-ƙuli a ɗaya gefen, a ajiye su tazarar taki goma-goma daga bakin ruwa zuwa harabar makaranta. Bayan minti 30 a dawo a rubuta wace iri ta zo, me ta zaɓa, nawa ne adadinta. A maimaita lokacin da tafki ya cika da lokacin da ya janye, a kwatanta. Wannan gwaji shi ne kuma ke nuna wa mai gida irin koton da zai haɗa. Wuraren da suka fi cancantar dubawa su ne mashigin jirage, da tashar manyan motoci, da kasuwa, da lambun da ake sayar da dashe.

In aka ci karo da ja mai ƙulli biyu, mai tulin ƙasa mara ƙofa, mai hawa kara, kada a rushe gidan, domin rushewa kan sa su ƙaura su ɓace. A tsoma auduga a sifirit a ɗebi kamar guda 20, manya da ƙanana, a zuba cikin ƙaramar kwalba mai sifirit. A rubuta sunan gari da unguwa da kwanan wata da fensir a 'yar takarda, a jefa ta cikin kwalbar, domin sifirit yana wanke tawadar biro. Sai malami ya kai ta ofishin malamin gona na ƙaramar hukuma, ko sashen nazarin halittu na jami'ar Birnin Kebbi, ko ta Aliero, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.